Gawayin ɓawon gyaɗa zai iya ɗaukar filatinam a batirin metanol?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun kimiyyar sinadarai a Ngaundere, ina aikin kammala digiri kan batirin da ake zuba wa metanol ya ba da lantarki. Na ƙona ɓawon gyaɗa da aka kawo mini daga Garwa, na gyara gawayin da sinadarin KOH (fotasiyam haidiroksaid). Awo ya nuna faɗin fuskarsa ya haura murabba'in mita 1000 a giram ɗaya, alhali na Vulcan XC-72, garin kabon da kowa ke amfani da shi, wajen 250 ne. Amma da na ɗora filatinam a kai, wutar da ya bayar ba ta kai ta Vulcan ba. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Aikinki bai ɓaci ba. Wannan lamba ta 1000 ce ta ruɗe ki, kuma ta ruɗi da yawa kafin ke.

A ɓangaren anod, wato gefen batirin da ake zuba wa metanol, ƙwayar metanol ɗaya tana haɗuwa da ƙwayar ruwa ɗaya, su ba da kabon dayoksaid, furoton 6 da ilektiron 6. Furoton su ratsa fatar Nafion, wata siririyar roba da ke raba gefunan batirin biyu, ilektiron su bi waya, ita ce wutar. A kan filatinam ake wannan haɗuwa, shi kuwa ƙarfe ne mai ɗan karen tsada, yawancinsa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Shi ya sa ake mai da shi 'yan ƙwayoyi na nanomita 2 zuwa 5 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). In ƙwayoyin nanomita 3 ne, giram ɗaya yana ba da fuska kusan murabba'in mita 90. Sai dai in an bar su, dunƙulewa suke yi. Kin dai ga mai shanya barkono: in ta tsibe shi, na sama kaɗai rana ke duka, dole ta baza shi a tabarma. Kabon shi ne tabarmar filatinam.

To amma wannan tabarma aikinta ya wuce shanya. Kowace ƙwayar filatinam sai ta samu hanya uku a lokaci guda: ta shigowar metanol da fitar iska, ta fitar furoton, da ta fitar ilektiron. Ɗaya ta toshe, ƙwayar ta zama kuɗin da aka binne.

Nan ne nake zaton gawayinki ya gaza. KOH yana huda kabon da ramuka 'yan mitsi-mitsi, yawancinsu ƙasa da nanomita 2. Iskar naitirojin da ake awon fuska da ita tana shiga su lafiya lau, sai na'ura ta ƙirga miki 1000. Ruwan gishirin filatinam ma yana shiga, ƙarfen ya zauna can ciki. Amma Nafion, wanda shi ne hanyar fitar furoton, ba ya iya kutsawa irin wannan rami, metanol da kyar yake isa, iskar da aka samar kuma da kyar take fita. Vulcan, wannan baƙin gari mai kama da hayaƙin fitilar kananzir da ke manne wa yatsa, fuskarsa kaɗan ce amma galibinta a sarari take. Ramukan da kike nema su ne na nanomita 2 zuwa 50.

Sai maganar gudun lantarki. Gawayin da aka ƙona a zafin digiri 700 ko 800 tsarinsa a hargitse yake, ba ya wuce da ilektiron kamar kabon da ya kusanci girafait, irin na bakin fensir. Ki haɗa da datti: toka, ragowar fotasiyam, sulfa, da kuloraid daga gishirin filatinam ɗin kansa. Sulfa kaɗan ta isa ta kashe fuskar filatinam.

Akwai kuma abin da ba laifin gawayi ba ne. Metanol kan bar kabon monoksaid manne a kan filatinam, ya tare wurin aiki. Tun 1975 Watanabe da Motoo a Jafan suka bayyana yadda ƙarfen rutiniyam, in an haɗa shi da filatinam, ke kawo OH (oksijin da haidirojin) daga ruwa ya share kabon monoksaid ɗin. Shi ya sa wasu ke gauraya kabon da oksaid na tin, seriyam ko titaniyam, don su ma suna taimakawa ta wannan hanya, kuma ba sa cinyewa kamar kabon, sai dai lantarki ba ya gudu a cikinsu sosai. 'Yan mitsi-mitsin bututun kabon da girafin, wato siraran fallayen kabon, sun fi juriya, amma akwai tsada, kuma fallayen girafin suna komawa su manne da juna.

Ni dai ban ga dalilin da za ki bar ɓawon gyaɗa ba, kuma zan so in ga kin ci gaba. Ki rage KOH. Ki jiƙa ɓawon da gishirin baƙin ƙarfe kafin ƙonawa a wajen digiri 900, yana taimaka wa kabon ya jeru, sannan ki wanke ƙarfen da asid har ruwan wanki ya fita tas. Ki ƙara yuriya, wannan ta takin gona, don naitirojin da ke shiga jikin kabon yana riƙe filatinam kada ya yi yawo. Ki gwada ƙaiƙayin shinkafar Yagwa ma: tokarsa silika ce mafi yawa, in aka narkar da ita da soda tana barin ramuka masu ɗan faɗi.

Wajen awo kuma, fuskar filatinam da ke aiki a cikin asid za ki auna, ki tabbatar nauyin ƙarfen ɗaya ne a naki da na Vulcan. Ki tsayar da ƙarfin lantarki wuri guda na awa ɗaya ki ga yadda wutar ke raguwa. Metanol kuma guba ne mai makantarwa, ki sa safar hannu, ki yi aikin inda iska ke fita.