Kangon jikin gida ba a jan igiya da ka

Kai yaro, wai ka ce mai gida ya ce ku zagaye kangon da ke jikin gidansa da katanga, ta ina za ka gane iyakarsa. Wallahi ka fama min tsohon gyambo.

Wani Alhaji ne a Tumfure, ba zan kama suna ba, ya tsaya da babbar riga ya ja min layi da bakin takalminsa ya ce daga nan har gindin dogon yaron can duk nasa ne. Na ce Alhaji takarda fa, ya ce au ni zan ma ƙarya? Kunya ta hana ni ƙara magana don ya haife ni. Muka tona fandisho, bulo mai inci 9, tsawon ƙafa 100, sai da muka kai sahu 8 sannan ga wasu marayu da kawunsu da mai unguwa da safiyo, takardarsu ma tsohuwa ce mai tambarin jihar Bauchi tun kafin a cire Gombe a 1996, har ta yi ja. Aka tona ƙasa sai ga bikon, wato dutsen simintin da ake binnewa a kan iyakar fili, mun shiga filinsu da ƙafa 4. A gabana aka ture katangar, shi kuwa bawan Allahn nan ko kunya ya ce shi bai nuna min komai ba, magini ne ya yi gaban kansa. Cikon kuɗina har yau shiru, mashin ɗina na sayar na sallami lebura.

Yadda ake riƙe tef da fitar da sukwaya ba zan tsaya koya maka ba, in ba ka iya ba me kake yi a wajena. Ka tono bikon duka huɗun, lambar jikinsu ta zo daidai da ta zanen filin, sannan a kira maƙwabta da mai unguwa su tsaya ido da ido. Takardar dillali shaidar ciniki ce kawai, tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, mai gidan ya je GOGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a jihar Gombe, a duba masa, don wani kangon ma hanya ce aka bari ko hanyar ruwa.

Ku yaran yanzu sai ku zaro waya ku ce ga taswira, wayar ce za ta je gaban alƙali? Ka ce wa mai gidan Oga ya ce ba ma zuba bulo ko ɗaya sai na ga takardar da idona, in ya ƙi ka kwaso kayan aikina ka taho.