Zuwa ga Lawali, kan maganar tsayawa a bakin ruwa

Lawali, abokina, ina gaishe ka. Saƙonka ya iso, kuma sai da na sa ƙanwarka ta maimaita mini shi, don da farko na ɗauka tsokanata kake. Wai ka fara buga golf, wasan nan na buga ɗan ƙwallo da sanda har ya faɗa rami, a Abuja da mutanen ofishinku, akwai wani rami da tafki ya gitta a gabansa, kai kuma ka saba ajiye ƙwallonka a wannan gaɓar sannan ka tsallaka da bugu na gaba, su kuma suna yi maka dariya wai ba a san ɗan Maraɗi da tsoro ba. Shi ne kake tambaya ko a al'adarmu abin kunya ne namiji ya hango inda za shi amma ya tsaya bai ƙarasa ba. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Kai da ka isa aure tun bara waccan, ba ka tambaye ni yadda ake kai gaisuwar iyaye ba, sai zancen ɗan ƙwallo. Da dariyar ta lafa kuma sai jikina ya yi sanyi, domin na san irin masu zuga mutum a filin nan, kuma ba a banza suke yi ba.

Na san uwarka ce ta tsegunta maka cewa na taɓa ɗaukar wa masu golf jakar sanduna. Gaskiya ta faɗa. A zamaninmu, da an gama cirar gyaɗa samari sai su bi motocin kaya ta Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, a sauka Kano cin rani. Lokacin ana kashe fam da sule, ba a kawo naira ba sai 1973, dalar gyaɗa kuwa tana nan tsaye. Wani ɗan unguwarmu ta Bagalam ne ya kai ni filin golf na Turawa, ya ce aikin ba wuya, ka saɓa jaka, ka bi maigida, idonka a kan ƙwallo, bakinka a rufe.

Kada ka kwatanta filin da naku mai ciyawa shar ana ba ta ruwa safe da yamma. Da rani ƙasar tauri gare ta, kuma kewayen ramin ba ciyawa ba ce, yashi ne aka kwaɓa da baƙin mai aka daddale. Akwai yaron da aikinsa ke nan, in an gama ya ja buhu ya share sawu. A irin wannan ƙasa, wanda ya auna ramin kai tsaye ya yi asara, ƙwallon zai dira ya yi tsalle ya wuce cikin ƙaya. Masu wayo tun daga nesa suke sauke shi, su bar shi ya gangara da kansa. Mu yaran jaka mun san wannan tun kafin mu iya ƙirga sandunan nan 14 da ke cikin jaka.

Akwai wata Asabar cikin hunturu da har yanzu nake ganinta. Maigidana wani tsohon injiniya ne mutumin Sikotland, siriri, ga wuya ja, ba ya yawan magana. Abokin karawarsa saurayi ne ɗan wani attajiri, ƙaƙƙarfa, in ya buga sai ka ji ƙarar har bakin titi. Sun sa fam biyar, kuɗin da ni a lokacin ko a mafarki ban riƙe ba. Suka zo rami na kusa da ƙarshe kunnen doki. Rami ne na bugu huɗu, wato a ƙa'ida da bugu huɗu ake so ƙwallo ya shiga, a gabansa akwai kwazazzabo da ruwan damina ya zaizaye, zurfinsa ya fi tsayin mutum, bayansa kuma sarƙaƙiya. Iska tana bugo mu a fuska, hazo ya sa tutar ma da ƙyar ake hango ta.

Tsohon ya iso wurin ƙwallonsa, ya tsuguna ya duba yadda ya kwanta a kan tsagaggiyar ƙasa, ya tsinki busasshiyar ciyawa ya watsa sama. Sai ya miƙo hannu ya karɓi gajeriyar sanda. Yaron saurayin ya zungure ni da gwiwar hannu, ya ce a hankali, tsohonka ya tsorata. Tsohon ya buga a natse, ƙwallon ya sauka can baya da kwazazzabon, ba ma kusa da bakinsa ba, wajen yadi 70 da ramin. Wannan tazarar ita ce tasa, kullum da yamma a kanta yake gwaji har mu gaji da tsinto masa.

Saurayin ya zaro babbar sandarsa ta katako. Ya taɓa tsallake wurin nan sau ɗaya, ranar da iska ke bayansa, kuma wannan sau ɗayan ne ya cuce shi duk ranin. Ya buga da kyau, ba zan rage masa ba. Muka bi ƙwallon da ido, iska ta riƙe shi a sama, ya daki leɓen kwazazzabon na can, ya mirgino ƙasa. Doka ta ba shi dama ya ɗauko ya ajiye a waje a ƙara masa bugu ɗaya. Ina! Idon mutane na kansa. Ya gangara ciki da farin wandonsa, mu ba ma ganin komai sai kan sanda yana walƙiya da ƙura tana tashi. Sau uku muna jin tim. Da ya fito, ƙarangiya ta lulluɓe masa safa har gwiwa, hularsa a hannu. Tsohon bai ko dube shi ba. Ya ɗaga nasa ya sauke shi gab da yashin, ya gangara, ya tura sau biyu ya shiga. Biyar ke nan, ya wuce ƙa'idar ramin da ɗaya, ba abin a buga masa ganga ba ne. Amma wancan takwas ya yi.

A hanyar komawa ne, da Hausarsa ta tsinci kalma, tsohon ya ba ni labarin wani ɗan golf Ba'amurke Billy Casper. A gasar US Open ta 1959, a filin Winged Foot, rami na uku na bugu uku ne, wato kowa da bugun farko yake neman hawa dandalin ramin, kewayen nan da ake tura ƙwallo a kansa. Dandalin siriri ne, da ramukan yashi masu zurfi hagu da dama. Casper ya ƙi. Duk zagaye huɗu na gasar a gaba yake ajiyewa da gangan, ya ɗan ɗaga, ya tura, ya tashi da ukunsa. Da tazarar bugu ɗaya ya ci kofin. Ranar sule biyu maigidan nawa ya ƙara mini.

Ni kuwa abin bai zame mini baƙo ba, domin na riga na gan shi a gida. Mahaifina, kakan uwarka, Allah ya jiƙansa, fatauci ya yi da jakuna. Ba su shiga baƙon gari bayan magariba ko da suna jin haushin karnukansa, sai su yi zango a waje su shiga da hantsi. In kuma suka iske gulbi ya kawo, sai a sauke kaya a hura wuta. In wani yaro ya ce ai ga gari can, sai ya ce masa, ɗana, gari ba shi gudu, kaya ka jiƙewa. Mutanen da suka ga ambaliyar 1945, wadda ta ci tsohon gari har aka hauro da Maraɗi bisa tudu, ba ka koya musu girmama ruwa. Mahaifin nawa ne mai cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ban taɓa jin wani ya kira shi matsoraci ba, shi da ya kwana a dajin da ku yanzu ko a mota ba ku bi.

Ku dai yaran yanzu komai sai an ɗauka a waya. Bugun da ya tsallake tafki shi ake turawa abokai, tara da suka nitse ba wanda ya gani. Ko a 1999 mun ga irinta a tele, muna zaune gidan wani alhaji mai parabol. Bafaranshen nan Jean van de Velde ya zo ramin ƙarshe a filin Carnoustie yana gaba da bugu 3, ko shida ya yi kofin British Open nasa ne. Bugu na biyu, maimakon ya ajiye a fili, ya nemi dandalin. Ƙwallon ya daki ƙarfen rumfar ƴan kallo ya dawo cikin doguwar ciyawa, na uku ya faɗa rafi. Muna kallo ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando ya shiga ruwa, duniya na kallonsa. Bakwai ya yi, aka je raba gardama, Paul Lawrie ya ɗauke kofin. Zach Johnson kuwa a gasar Masters ta 2007, a filin Augusta, bai nemi hawa dandalin ko ɗaya daga ramukan bugu biyar da bugu na biyu ba, duk kwana huɗun, har da na 13 da na 15 masu ruwa a gaba. A waɗannan ramukan ya rage bugu 11 daga ƙa'ida, ya ci gasar, Tiger Woods na cikin waɗanda ya bari a baya da bugu 2.

To amma kada ka ɗauki wannan ka mai da shi rigar sawa kullum. Inda ba ruwa, ba kwazazzabo, ba ƙaya a baya, matsa kusa iyakar ƙarfinka, tsayawa a nan lalaci ne kawai. Abin dubawa shi ne yadda ƙwallon ya kwanta, ina iska ta dosa, me ke jiran wanda ya gaza da wanda ya zarce, da kuma nisan da sandarka ke kaiwa a ranar da ba ka yi sa'a ba. In dandalin ya gangaro ta wajenka, zama a ƙasan ramin ya fi, turawa sama ta fi sauƙin sarrafawa. In kuma ka yanke za ka tsaya, tsaya da nisa, a tazarar da hannunka ya saba da ita. Mafi munin abin da na gani a filin nan shi ne mai zuciya biyu, ya ce zai ajiye amma yana kwaɗayin ya matsa, sai ƙwallon ya gangara cikin ruwan da yake gudu. Akwai kuma ranar da tsayawar ba ta da amfani. A Masters ta 1993 Chip Beck yana bayan Bernhard Langer da bugu 3, ramuka huɗu suka rage, ya zo na 15 ya ajiye a gaban ruwa. Na biyu ya ƙare, kuma an daɗe ana yi masa gori. Ni ma da ina riƙe da jakarsa da na miƙa masa babbar sanda.

Su abokan naka, ka lura ko ranar da aka sa kuɗi ne suke tuna cewa kai ɗan Maraɗi ne. Ba na son caca, uwarka ma ba ta so, kuma albashinka akwai masu jiransa a gidan nan. Sannan wane ne ke ɗaukar maka jaka? Ba ka ambace shi ba ko sau ɗaya a saƙonka, alhali shi ya san tafkin nan fiye da ku duka, ya san ƙwallo nawa ke kwance a ciki da masu su. Ka gaishe shi da sunansa, ka tambaye shi wace sanda, ka kuma sallame shi da kyau. Ka tambaye shi ɗan ina ne, ba mamaki ka iske ɗan Tasawa ne ko Madarunfa. In na nan ne ka turo mini sunan mahaifinsa.