Secretive: zurfin ciki ne ko ƙumbiya-ƙumbiya?

Tambaya: Malam, ogana a wajen aiki ya rubuta a rahoto wai ni "secretive" ce. Yabo ne ko suka? Kuma me ake ce masa da Hausa?

Amsa: 'Yar uwa, gaskiya ba yabo ba ne. In Bature ya ce mutum secretive ne, yana nufin yana ɓoye abin da ba sai an ɓoye ba, irin wanda za ki tambaye shi ina aka kwana a kan fayil ɗin nan ya ce "ana kai" ya juya allon kwamfutarsa ya ba ki baya. Da yabonki ya so yi da discreet zai ce, wato mai riƙon amana wadda ba ta tona maganar mutane.

To abin da ke damuna shi ne yadda yaran yanzu ke fassara ta da "mai sirri" kawai su wuce, haba, kamar Hausa ba ta da kalmomi! Ai muna da zurfin ciki, wannan hali ne, mutum yana fama da ciwo ko bashi ya yi masa katutu amma ko matarsa ba ta sani ba sai ranar da ya faɗi, shi kansa yake cuta, shi ya sa ake masa faɗa cikin tausayi. Ƙumbiya-ƙumbiya kuwa da nuƙu-nuƙu akwai warin rashin gaskiya a ciki, kamar ma'ajin ƙungiya da aka ce ya kawo lissafi ya fara kame-kame. Rufa-rufa ita kuma laifi an riga an yi, binne shi ake. Secretive tana yawo ne tsakanin zurfin ciki da ƙumbiya-ƙumbiya, sai ki duba da wace fuska ogan ya rubuta.

Ita kalmar secret daga Latin ta fito, secretus, abin da aka ware gefe, kuma daga nan aka samu secretary wanda muka mayar sakatare, asalinsa amintaccen da ke riƙe sirrin mai gida. A Masar ma zamanin daular Mamluk babban magatakardan sarki katibus sirr ake kiransa, wato marubucin sirri. Ki ga aikin sakatare kansa da sirri aka san shi tun farko.

Tambaya: Sirri da asiri ɗaya ne?

Amsa: Tushensu ɗaya a Larabci, sirr da jam'insa asrar. Amma Bahaushe ya raba musu aiki, ana roƙon Allah ya rufa asiri, asiri kan tonu, kuma shi ne wanda boka ke yi. Ba a cewa an yi wa wane sirri, don Allah a kiyaye.

Tambaya: Me ake nufi da "ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba"?

Amsa: Har da ajiye magana, ɗan uwa.