Sigari Mai Sanyi: Me Ya Sa Barinta Ke Da Wuya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara tara ke nan ina shan sigari mai sanyin mantol, kara 15 a rana. Sau uku ina bari ina komawa. Ashe ba ita ce mai sauƙin illa ba? Daga wani direba, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sanyin nan shi ne tarkon. Mantol ba ya rage gubar taba ko kaɗan. Jijiyoyin jin sanyi na maƙogwaro yake taɓawa, ya kashe kaifin hayaƙi, ya danne tari, sai mutum ya zuƙa har can cikin huhu bai ƙware ba. Ranar da ka bari kuwa, abu biyu kake kewa: nikotin, wato sinadarin taba da ke sa jaraba, da sanyin da bakinka ya saba da shi. A 2013 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta danganta mantol da ƙarin jarabar taba da wahalar barinta. Kanada ta hana sayar da irin wannan sigari a 2017, Tarayyar Turai a 2020.

Don haka kada ka sake gwadawa da ƙarfin zuciya kaɗai. Sa rana, ka zubar da kwali da ashana tun daren jajibiri. Mai shan fiye da kara 10 yakan fara da filastar nikotin mai miligiram 21 na mako 6, sai mai 14 mako 2, sai mai 7 mako 2. A manna sabuwa kowace safiya a dantse ko ƙirji, ana sauya wuri don kada fata ta yi ƙaiƙayi.

Ka haɗa da cingam na nikotin, mai ɗanɗanon na'a-na'a zai fi dacewa da kai. A nan mutane da yawa ke kuskure: suna tauna shi kamar cingam ɗin yara, sai shaƙuwa da tashin zuciya. Tauna kaɗan, da ka ji yaji-yaji ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in ya lafa ka sake, har minti 30. Kada ka sha kofi ko lemo minti 15 kafin nan, tsami na hana shi shiga jiki.

Kwana na 2 da na 3 bayan ka bari sun fi tsanani. In sha'awar sigari ta taso kana jiran fasinja a tashar Kejetia, minti kaɗan take yi. Kurɓi ruwan sanyi ko ka sa asuwaki a baki. In kana da ciwon zuciya, fara ganin likita a asibitin Komfo Anokye kafin ka manna filasta.