Baffa, Fafaroma ba ma'asumi ba ne

Baffa ina wuni, ya Kano ya iyali. Na saurari saƙon muryar da ka turo har sau biyu, wai a majalisarku an ce mu Katolika mun ɗauki Fafaroma ma'asumi, ba ya zunubi ba ya kuskure, ka ce tunda ni a Rum nake zaune in faɗa maka gaskiya. To ba haka ba ne Baffa, ko kusa.

Mutum ne kamar kowa, yana zunubi, yana zuwa gaban fada, wato limamin coci, ya durƙusa ya faɗi laifinsa kamar yadda nake yi. A 2014 na kalla a talabijin, marigayi Fafaroma Francis, ana jiran ya zauna ya saurari masu tuba a cocin Bitrus, sai kawai ya ratse ya je ya durƙusa gaban wani fada da fararen kayansa, ya ba jama'a baya, ni dai sai da na yi ƙwalla. Shi kansa Bitrus, almajirin Yesu da muke cewa shi ya fara zama a kujerar Fafaroma, ai sau uku ya yi musun Yesu, daga baya ma manzo Bulus ya tsawata masa ido da ido a Antakiya.

Abin da aka tsayar kan rashin kuskuren Fafaroma a taron bishop-bishop na Batikan ranar 18 ga Yuli 1870, zamanin Fafaroma Pius na 9, ƙunci gare shi sosai. Sai in ya yi magana a matsayin makiyayin Ikilisiya duka, a kan bangaskiya ko tarbiyya, kuma ya fito fili ya ce wannan hukunci ne da ya hau kan kowa, to a nan ne muka gaskata Ruhu Mai Tsarki zai tsare shi kada ya ɓatar da mu, ba don wayonsa ko tsarkinsa ba, kuma ba shi da ikon ƙago sabon addini, abin da aka gada yake tsarewa. Ko a lokacin sai da aka kai ruwa rana, mutum 533 suka amince 2 suka ƙi, wasu bishop-bishop suka bar gari kafin ƙuri'a, daga baya wasu Katolika a Jamus suka ɓalle gaba ɗaya.

Daga nan zuwa yau sau ɗaya tak aka yi amfani da wannan iko a fili, 1 ga Nuwamba 1950, da Pius na 12 ya tabbatar an ɗauke Maryamu zuwa sama jiki da rai. Shi ne bikin 15 ga Agusta, ranar nan ko burodi sai ka sha yawo kafin ka samu, shaguna a rufe.

Sauran koyarwarsa ba wai muna watsar da ita ba ne fa, nauyi gare ta kamar maganar uba a gida. Amma hirarsa da 'yan jarida a jirgi ko ra'ayinsa a siyasa, ka zo ran Lahadi bayan coci ka ji yadda muke musu a kai muna cin shinkafa. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu hoton Fafaroma na manne a kicin ɗinta, kuma ba ta fasa mita a kansa ba.

Ka karanta wa su Malam wannan, in da sauran tambaya a turo. A gaida Inna.