Hukuncin Sa Mutum-mutumi Ya Yi Jinyar Iyaye Tsofaffi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Japan, inda ake amfani da mutum-mutumi mai aiki da kwamfuta a gidajen kula da tsofaffi. Mahaifina ya tsufa, ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Ya halatta in saya masa irin wannan na'ura?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba mahaifinka lafiya. Abin da ya kai Japan ga wannan shi ne kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65, masu jinya kuma sun yi ƙaranci, har cibiyar bincike ta RIKEN ta nuna wata na'ura mai suna Robear a 2015, wadda aka ƙera don ɗaga majinyaci daga gado.

Asalin kayan aiki halas ne, kuma hanya tana ɗaukar hukuncin abin da aka nufa da ita. Sheikh Khalil ya ambata a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cewa ɗa mai wadata wajibi ne ya ciyar da iyayensa matalauta, har da mai yi musu hidima. Saboda haka na'urar da za ta ɗaga shi, ta juya shi don kada kwanciya ta yi masa gyambo, ko ta tuna masa lokacin magani, halas ce, kuma kana da lada a kanta.

Sai dai a nemi yardarsa matuƙar yana cikin hankalinsa, a tabbatar ba za ta cutar da shi ba, sannan idan tana da kyamara kada ta ɗauki al'aurarsa, domin tsufa ba ya rage alfarmar jikin Musulmi. Malamanmu na Malikiyya sun haramta sassaƙa mai cikakkiyar surar abu mai rai, don haka a zaɓi wadda ba ta da wannan siffa.

Inda nake jiye maka tsoro shi ne na'urar ta zama uzurin nisantarsa. Allah Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 23, idan tsufa ya riski iyaye "a wurinka", sannan Ya yi umarni da magana mai daɗi da ƙanƙan da kai saboda tausayi, waɗannan kuwa ba a wakilta ƙarfe a kansu. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya riski iyayensa a tsufa amma bai shiga Aljanna ba, hancinsa ya turmushi ƙasa, wato ya taɓe. Idan ka saya, wajibin ziyartarsa da kiransa yana nan a wuyanka, kuma lallai a sami ɗan'uwa ko amintaccen mai jinya da zai zauna tare da shi, ya taimaka masa wajen tsarki da salla.

Wallahu a'alam.