Tauraro ya fashe ne, ko ya yi bindiga?

Wata mai karatu ta ce ta ji ana cewa "tauraro ya yi bindiga a sararin samaniya". Tana tambaya ko Hausar ta zauna daidai, kuma ko shi ne tauraruwa mai wutsiya da ake wa kirari da "ganinki ba alheri ba".

Malama, bari in fara da ta biyun. Ko hanya ba su haɗa ba. Mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura da ke kewaya rana. In ta matso kusa, zafi ya sa ta fitar da tururi da ƙura, shi ne wutsiyar. Halley da aka gani a 1986 irinta ce, ana sa ran dawowarta a 2061. Sunan tauraruwa kawai ta ara.

Wanda kika ji labarinsa kuwa tauraro ne na gaske, masana na kiran abin sufanoba. Yawanci ƙato ne da ya ninka rana nauyi sau takwas ko fiye. Yana ta ƙona makamashinsa har cikinsa ya koma ƙarfe, wutar da ke tallafe da shi ta ƙare. Nan take cikin ya rufta, sauran jikin ya yi waje da ƙarfin tsiya.

To, "yi bindiga" ba ta kwanta mini ba. Ƙara ce jigonta: in taya ta yi bindiga, kunne ne shaida. Can sama babu iskar da za ta ɗauko sauti, ido kaɗai ke ba da labari. "Fashe" ta fi dacewa, don ana iya fashewa ba a ji ba.

Sai dai "fashe" ta lokaci guda ce, abin da ya biyo baya sai "tarwatse". A 1054 masana taurarin ƙasar Sin sun rubuta cewa wani sabon tauraro ya bayyana, ana ganinsa da rana tsaka har kwana 23. Hasken fashewar ne ya iso bayan tafiyar shekara kusan 6,500. Tarkacensa na nan, yana bazuwa da gudun sama da kilomita 1,000 a daƙiƙa guda. Kin ga ke nan, sau ɗaya ya fashe, amma tarwatsewa har gobe bai gama ba.